Me ya sa buzuzu da danginsa suke ƙugi idan sun tashi sama?

Malam, barka da aiki, ya yaran lakkwal? Tambayarka ta iso. Ka ce tun da damana ta kankama, da zarar magariba ta yi aka kunna ampul, ƙwari masu taurin baya sai su cika tsakar gidanka nan Maradi, su zo da ƙugi, su bugi kwano, su faɗo ƙasa rigingine suna harba ƙafafu. Ɗalibanka suka tambaye ka da me suke yin wannan ƙara. Wani ya ce da baki, wani ya ce kiran ƴan'uwansu suke yi, kai kuma kana son amsar da za ka tsaya a kanta gaban allo. Aikina kan ƙwarin gona ne, kuma irin wannan tambaya tana faranta mini rai, domin yaron da ya tsaya ya saurari ƙwaro ya riga ya kama hanyar ilimi.

Ƙugin nan na fukafukai ne. Ƙwaro ba shi da huhu, ba shi da maƙogwaro irin namu, numfashinsa ta waɗansu ƴan ƙofofi yake yi a gefen jikinsa. Da can wasu masana a Turai sun ɗauka iskar da ke fita ta ƙofofin nan ce ke yin ƙarar, amma gwaji ya kawar da wannan zato. Fukafukai ne ke dukan iska, sama da ƙasa, sau gommai a cikin sakan ɗaya. Duk abin da ya matsa iska ya sake ta, ya matsa ya sake, da sauri, ya yi sauti. Kunnen ɗan Adam yana fara jin irin wannan motsi a matsayin amo ɗaya mai ɗorewa daga kaɗawa 20 a sakan, ya tsaya wajen 20,000 ga yaro mai lafiyayyen kunne. Abin da ya gaza 20 ba ya zama ƙugi a kunnenmu.

Kafin in ci gaba, ka samo gawar buzuzu guda, wadda ba ta bushe ba, da safe ba a rasa su ƙarƙashin ampul. Ka kifa ta a tafin hannunka. Bayan nan mai tauri mai sheƙi, wanda wani layi ya raba biyu daga kafaɗa zuwa gindi, shi ma fukafukai ne, na gaba, waɗanda suka taurare suka zama murfi. Ka sa tsinken tsintsiya ka ɗaga ɓari ɗaya a hankali. Za ka ga wani abu siriri, ruwan ƙasa-ƙasa, ana hangen haske ta cikinsa, an naɗe shi an lanƙwasa bakinsa ya koma ciki. Ka ja shi. Sai ya miƙe ya zarce tsawon murfin, wani lokaci ya zarce tsawon ƙwaron gaba ɗaya, ga jijiyoyi masu kauri a gefen gaba, ga wata gaɓa wajen tsakiya inda yake karyewa in za a naɗe shi. Wannan fiffike na baya shi ke ɗaukar ƙwaro, kuma shi ke ƙugi. Da wannan murfi ake gane dangin duka: buzuzu, da hangara, da ƙwaron wake, da maƙesu mai walƙiya da dare, duk gida ɗaya ne. Masana sun rubuta wajen iri 400,000 a wannan gida, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na dukan dabbobin da aka ba suna a duniya.

To, kaurin ƙugin ko sirantakarsa lissafi ne na yawan kaɗawa. Malam-buɗe-littafi yana kaɗa fiffike wajen sau 10 a sakan, shi ya sa yake wuce ka shiru. Fara tana wajen sau 20, daidai bakin iyaka, sai ka ji farr-farr, kusan kana rarrabe kaɗawar ɗai-ɗai. Manyan dangin buzuzu, irin waɗanda ke zuwa gidanka, galibi suna tsakanin sau 40 da 100, wato can ƙasa inda sauti yake da kauri. Ƙuda yana wajen 200, ƙudan zuma wajen 230. Sauro mace tana tsakanin 400 da 600, namiji ya ɗara ta, shi ya sa kukan sauro siriri ne mai huda kunne. Mai kaɗa gurmi ya san wannan a yatsunsa: tsirkiya doguwa mai kauri tana girgiza a hankali ta ba da amo mai kauri, in ya danne ta ta gajarta, girgizar ta yi sauri, amon ya sirance. Fiffiken buzuzu dogo ne mai nauyi, na sauro ɗan mitsitsi.

Wannan sani ya daɗe. A 1666 wani masani a Ingila, Robert Hooke, ya gaya wa abokinsa Samuel Pepys cewa daga amon da ƙuda ke yi yana iya faɗin sau nawa yake kaɗa fiffike, in ya gwada amon da na tsirkiya. Wanda ya ɗauki aikin da gaske shi ne Olavi Sotavalta, mutumin Finlan, wanda Allah ya ba kunnen da ke gane kowane amo ba tare da na'ura ba. A 1947 ya fitar da jerin ƙwari masu yawa da yawan kaɗawar kowane, mafi yawa da kunnensa ya auna. Shi ne daga baya ya samu wani ɗan ƙanƙanin ƙuda mai cizo yana kaɗawa sau 1,046 a sakan. Ya kuma yi gwajin da ya yanke gardama: in aka rage tsawon fiffike da almakashi, amon sai ya haura sama, in aka ƙara masa nauyi sai ya sauko. Ɗan ƙudan nan da ya datse wa fukafukai ya kuma ɗumama shi, sai da ya wuce sau 2,200. Da a ce iskar numfashi ce ke ƙarar, datse fiffike ba zai canza komai ba.

Inda abin ya fi burge ni shi ne cikin ƙirji. Kai da ni, duk motsin da tsoka za ta yi sai jijiya ta kawo mata saƙo: saƙo ɗaya, tsukewa ɗaya. Haka fara take, haka malam-buɗe-littafi. Amma wannan hanya tana da tsada in ana son sauri, domin kowace tsukewa sai tsoka ta saki sinadarin kalsiyam a cikinta, ta sake kwashe shi, kafin ta gaba. Dangin buzuzu da ƙudaje da ƙudan zuma suna da wata tsoka dabam. Jijiya tana tayar da ita ne kawai, ta bar ta a faɗake. Daga nan ɗabi'arta ita ce, duk lokacin da aka miƙe ta, bayan ɗan jinkiri kaɗan sai ta tsuke da kanta. Kuma rukuni biyu ne a cikin ƙirjin, suna adawa da juna: ɗaya ya tsaya daga sama zuwa ƙasa, ɗaya ya kwanta daga gaba zuwa baya. In na tsaye ya tsuke, rufin ƙirji ya ɗan lotsa, fukafukai su ɗaga, na kwance kuma ya miƙe. Miƙewar nan ita ke tayar da shi, sai ya tsuke, rufin ya turo sama, fukafukai su sauko, na tsaye ya miƙe. Haka za su yi ta miƙa wa juna aiki, ƙwaƙwalwa ba ta ƙirga ko ɗaya ba. A dangin buzuzu akwai ƙarin wasu manyan tsokoki irin wannan a gindin fiffiken kansa, masu taimakawa wajen saukar da shi da murɗa shi.

Wanda ya gano wannan wani Bature ne ɗan Ingila, John Pringle, a 1949. Ya auna wani babban ƙuda, ya ga fiffike yana kaɗawa sama da sau 100 a sakan alhali saƙon jijiya ƴan ƙalilan ne. Bayan shekara goma, a 1959, shi da abokin aikinsa Machin suka ciro tsokar wani ƙaton ƙwaro mai ƙaho daga dangin buzuzu, suka ɗaura mata nauyi, suka nuna tana girgiza da kanta daidai da abin da aka ɗora mata. Sannan a 1960 Torkel Weis-Fogh, ɗan Danmak, ya gano wani abu mai talewa a gaɓar fiffiken farar ɗango, irin wadda ta afka wa ƙasarmu a 2004. Ana kiran abin rezilin. In aka matsa shi aka saki, kusan duk ƙarfin da aka sa masa yake maidowa, kuma akwai shi a fukafukan dangin buzuzu. Saboda haka ƙirjin ƙwaro ba ya asarar ƙarfi da yawa a ƙarshen kowace kaɗawa, yana ajiye shi ya sake amfani da shi wajen juyowa.

Abin da wannan ke nufi ga kunnenka shi ne, kowane iri yana da amonsa, domin nauyin fiffike da taurin ƙirji su ke yanke saurin, ba son ran ƙwaro ba. In yana son ƙarin ƙarfi, kamar lokacin tashi daga ƙasa, ya fi dogara ga faɗaɗa kaɗawar da sauya kwanciyar fiffiken. Sai ƙarar ta ƙaru amma amon ya kusan zama inda yake. Wanda ya daɗe cikin gona yana iya rufe ido ya ce wannan ƙudan zuma ne, wannan rina ce, wannan buzuzu ne, kuma da wuya ya kuskure. Akwai masu cewa sauyin amon da ake ji in ƙwaro ya gifta irin wanda ake ji ne in mota mai jiniya ta wuce. Lissafi bai goyi bayansu sosai ba. Sauti yana tafiyar mita 343 a sakan cikin iska mai matsakaicin ɗumi, ƙwaron kuwa mita biyu zuwa huɗu yake yi, sauyin da hakan zai kawo kusan kashi ɗaya cikin ɗari ne. Abin da kake ji shi ne kusantowa da nisantawa, da kuma juyawar jikinsa, domin ƙarar fiffike ba ta fita daidai ta kowane ɓangare.

Saura dalilin da ya sa na buzuzu ya fi na saura ƙarfi da kaushi. Duk mai tashi sama dole ya tunkuɗa iska ƙasa da ƙarfin da ya kai nauyinsa. Buzuzu kuwa mai nauyi ne, ga ɓawo mai kauri, ga manyan ƙafafun tono, kuma fukafukai biyu kacal ke yin ainihin aikin. Dole ya share iska mai yawa, fiffiken yana zagaye kusan rabin da'ira a kowace kaɗawa. A ƙarshen kowace tafiya fiffiken yana tsayawa cak, ya murɗe, ya juyo, iska tana nannaɗewa a bakinsa tana ɓallewa. Wannan fizga ita ke haifar da wasu amo a saman na asali, ninki biyunsa, ninki uku, ninki huɗu, har sama. In na asali 60 ne, za a samu 120, da 180, da 240. Haɗuwarsu ita ce kaushin nan na "burrr" da kake ji. Murfin ma ba ya zaune lafiya, yana ɗan rawa tare da fukafukan. A 2012 masu bincike a jami'ar Lund ta ƙasar Suwidin sun sa wani babban buzuzun Afirka cikin bututun iska, suka ga murfin da ya ɗaga yana ƙara masa ɗauka amma yana rage masa sauƙin ratsa iska. Ka ga murfin kariya ce mai tsada, da shi yake kutsawa cikin ƙasa da kashin shanu fiffikensa bai yage ba, da shi kuma ya zama mai nauyin tashi.

Ba duka ne suke ɗaga murfin ba. Lokacin da dawa da hatsi suka yi madara, ka duba zangarniya da rana tsaka, za ka ga wani ƙwaro mai faɗin baya, baƙi da zanen rawaya ko ja-ja, wanda masana ke kira Pachnoda. Shi akwai ƴar tsaga a gefen murfinsa, ta nan yake zaro fukafukan, murfin yana rufe. Tashinsa farat ɗaya ne, yana da sauri da iya kwana, har mutane da yawa suna ɗaukarsa wani irin zuma ne. Wasu daga cikin masu mirgina kashi ma haka suke tashi. Sannan akwai wanda ake yawan rikitawa da buzuzu alhali ba danginsa ba ne: ƙaton baƙin nan mai huda azara da gumagumai yana shiga, mai gashi a ƙirji, wani da rawaya a kafaɗa. Wannan dangin zuma ne. Ba shi da murfi, fukafukansa huɗu ne a fili, amonsa ya fi na babban buzuzu sirantaka, yana iya tsayawa wuri ɗaya a sama, kuma macensa tana harbi. Ka gargaɗi yara kada su kama shi da hannu.

In kana so su ga yadda ake shirin tashi, ka ɗora buzuzu mai rai a tafin hannu da sanyin safiya, ka yi haƙuri. Da fari zai lafe. Can sai ka ga ƙahonnin jin warinsa sun fito, bakinsu ya buɗe ganye-ganye. Sai cikinsa ya fara bugawa, yana shiga yana fita ƙarƙashin murfi, iska yake zuƙa. In babba ne, kana iya jin wata ƴar rawa a fatar hannunka alhali fukafukai ba su motsa ba. Tsokokin tashi ne ke aiki a rufe don su yi zafi. Daga nan ya hau kan yatsa, ya miƙe ƙafafu, murfi ya tsage, fukafukai su faso waje cikin ƙiftawar ido, ka ji iska mai sanyi a yatsanka tare da ƙugin, ya tafi. A 1978 George Bartholomew da Bernd Heinrich sun auna zafin ƙirjin buzuzu masu zuwa kashin giwa a ƙasar Kenya, suka samu manyan suna tashi da ƙirji mai zafin wajen digiri 40, ko da dare ne mai sanyi. Tsokar tashi tana cikin mafi cin abinci a jikin kowace dabba, ƙwaro mai tashi yana ƙona ƙarfi ninki 50 zuwa 100 na wanda yake zaune. Ɗan kaɗan ƙwarai daga ciki ne ke zama sauti.

Yanzu ga yaron da ya ce kiran ƴan'uwansu suke yi. Tunaninsa ba banza ba ne, domin ga sauro haka abin yake. Namijin sauro yana jin amon fiffiken mace da ƙahonninsa masu gashi, ta wata gaɓa da wani likita a Amurka, Christopher Johnston, ya bayyana a 1855, kuma da wannan amo yake gano ta. Amma yawancin dangin buzuzu ba su da dodon kunne ko kaɗan. Ƴan kaɗan da aka samu da shi, an ga ya fi kama siririn kukan jemage wanda mu ba ma ji, don su kauce masa. Da wari suke neman juna, da wari suke gano kashi da ruɓaɓɓen mangwaro da bununin hatsi. Ƙugin tashi dole ce ta sa, ba saƙo ba ne. Sai dai suna da wata ƙara ta ganganci. Ka kama babban buzuzu ka riƙe tsakanin yatsu biyu, ka kai kunne, za ka ji tsiit-tsiit. Yana goga wani sashen jikinsa mai ƙananan haƙora a kan wani, ciki da murfi ko gindin ƙafar baya. Masu dogayen ƙahonni da tsutsarsu ke cin itace su kuma ta wajen wuya suke gogawa, kana ganin kan yana sunkuyawa yana ɗagowa. Wannan ta firgita wanda ya kama su ce, wasu kuma suna yi wa juna cikin rami. Gyare ma gogawa yake yi, fiffike a kan fiffike, yana zaune.

Batun zuwa wuta da faɗuwa rigingine, dalili biyu ne suka haɗu. Na farko, buzuzu ba gwanin tuƙi ba ne. Ƙuda yana da wasu ƴan sanduna biyu masu kai a bayan fukafukansa, su ke gaya masa in ya karkata, shi ya sa yake kauce wa marinka. Buzuzu ba shi da su, ga nauyi, in ya ɗauko gudu tsayawa wuya gare shi. Na biyu, a 2024 masu bincike daga Landan da Amurka sun ɗauki hoton ƙwari da kyamara mai sauri a kewayen fitila, suka ga ƙwaro yana juya bayansa ne ga inda haske ya fi yawa, domin tun asali sama ce ta fi haske ko da dare, da ita yake sanin ina ne bisa. In ampul ya zama shi ne mafi haske, sai ya yi ta juya masa baya yana zagayawa, in ya bi ta samansa ya kife ya faɗo. Yawansu da damana kuwa, tsutsarsu, irin gwazarmar da ake tonowa a juji, tana zaune cikin ƙasa da taki, sai ruwa ya jiƙa ƙasa manyan suke fasowa. Daga Yuni zuwa Satumba ke nan a wajenmu, kuma unguwannin da ke kusa da gulbi da garken dabbobi sun fi ganinsu. In sun dame ka, ka matsar da ampul nesa da ƙofa da wurin cin abinci, ka sa mai haske rawaya-rawaya maimakon fari tas, ka yi masa hula ta yadda hasken zai sauka ƙasa kawai.

Akwai abin da ke ci mini rai a nan, kuma ina so yara su ji shi. Mutane suna auna sharrin ƙwaro da ƙararsa. Babban buzuzu ya shigo da ƙugi, kowa ya zabura da takalmi, alhali ba ya cizo, ba ya harbi, aikinsa binne kashin dabbobi, abin da ke kai taki ga saiwa, ya buɗe wa ruwa hanya cikin ƙasa, ya rage ƙudaje da tsutsar ciki ta dabbobi. Ƙasar Ostireliya sai da ta yi shiri na musamman daga 1965 zuwa 1985 tana shigo da buzuzu daga Afirka da kudancin Turai, saboda kashin shanu ya rufe mata makiyaya, nata na gida ba su iya da shi ba. Masu cinye mana abinci kuwa ba a jin zuwansu. Uwar murzuna da dare take tashi, shiru, ta zuba ƙwai a zangarniya, sai manomi ya ga hatsi ya tsage a murɗe. Shi ya sa aikin da cibiyar binciken noma ta INRAN da ke Tarna da jami'ar Dan Dicko Dankoulodo suke yi, na sakin ɗan ƙaramin zanzaron da ke kashe murzuna a ƙauyuka, ya cancanci yara su san da shi. Ƙwaron wake shi ma dangin buzuzu ne, tsawonsa milimita biyu zuwa huɗu, yana tashi amma iskar da yake motsawa ba ta kai a ji ba sai ka kai kunne. Tsutsarsa tana cikin ƙwayar wake tana ci. A 1990 masana a jami'ar Purdue ta Amurka sun nuna ana iya jin wannan ci da na'ura mai kama sautin da ya wuce kunnenmu, kuma daga wannan jami'a buhun adana wake mai suna PICS ya fito a 2007, mai leda biyu a ciki, wanda aka gwada sosai a nan Maradi. In aka ɗaure shi da kyau iska ta ƙare, cin yana tsayawa.

Ban ce duk mai ƙugi na kirki ne ba. Pachnoda yana ɓarna a dawa. Akwai wani ɗan ƙarami ruwan ƙasa, Rhinyptia, da ke sauka kan hatsi da dare lokacin bununi, wata shekara da yawan gaske, har manoma su hura wuta a bakin gona don ta janye su. Hangara kuma, mai laushin murfi da dogon jiki, tana cin bununi, kuma jikinta akwai guba mai suna kantaridin da ke tayar da bororo a fata. In ta sauka a wuyan yaro, a hure ta ko a kaɗe ta da takarda, kada a murje, in an riga an murje a wanke da ruwa da sabulu, hannun kuma kada ya kai ido. Idan ƙaramin ƙwaro ya shiga kunne, ƙarar da yaro zai ji tana da firgitarwa domin fiffiken yana gab da dodon kunne. Kada a sa tsinke ko ashana. In kunnen ba ya ruwa, ba a kuma san shi da hujewa ba, a kwantar da yaron kunnen yana bisa, a ɗiga man gyaɗa mai tsabta wanda ba shi da zafi, ƙwaron zai daina motsi, sannan a kai shi likita a fitar.

A cikin aji kuwa kana iya sa su auna abin da kansu, salula ta isa. Yaranmu sun saba ɗaura wa irin waɗannan ƙwari zare suna wasa, to a juya wasan ya zama darasi. A ɗaura zaren ɗinki a tsakiyar jiki, bayan ƙafafun gaba, ba a ƙafa ba don kada ta cire, kuma kada zaren ya danne murfi. Ka sauke manhajar da ke zana sauti, akwai na kyauta da yawa, ka kusantar da salula yana tashi. Za ka ga layuka a jere, tazararsu daidai wa daida. Wani lokaci layin ƙasa ba ya fitowa sosai, domin makirfon salula ba ya kama amo mai kauri yadda ya kamata, amma ba komai: tazarar da ke tsakanin layi da layi ita ce yawan kaɗawar. In ka ga 140, da 210, da 280, to ƙwaron yana kaɗawa sau 70 a sakan. In salular tana ɗaukar bidiyo mai tafiyar hawainiya na hoto 240 a sakan, kowace kaɗawa za ta ci hoto uku zuwa huɗu, yara su ƙirga da idonsu su gwada da abin da layukan suka nuna. Su auna babba da ƙarami, su auna tsawon fiffiken gawarwakin da suka tsinto da abin awo, su rubuta a allo, sa'an nan su yi hasashen amon wani iri kafin a gwada shi. A yi aikin cikin inuwa, kada a wuce ƴan mintoci da ƙwaro ɗaya domin yana gajiya da wuri, a kwance zaren a sake shi. Hangara da baƙin nan mai huda azara ba su cikin waɗanda za a kama.